Kofin da Kuka Hana Mai Shara

Ƙannena da ke karatu a Indiya, assalamu alaikum. Asabar ɗin da ta wuce na ga wani abu da har yanzu ya tsaya mini a maƙoshi, kuma gara in amayar da shi a gabanku da in zauna ina ƙunƙuni ni kaɗai.

Ziyara na kai wani gida da yaranmu huɗu ke haya a bayan Delhi. Duk wanda ya yi watan Mayu a wannan yanki ya san zafinsa, iskar ma kamar daga zugazugin maƙeri take fitowa. Muna zaune sai dattijon da ke kwashe musu shara yana wanke matattakalar bene ya ƙwanƙwasa ƙofa, riga sharkaf da gumi, ya nuna bakinsa. Ɗaya daga cikin yaran, ɗan gidan mutunci wanda na san mahaifinsa, ya buɗe firij ya ɗauko gora. Na zaci kofi zai nemo. Ina! Hannu ya yi wa dattijon alamar ya durƙusa. Bawan Allah ya durƙusa, ya haɗa tafukansa a baki, yaron ya ɗaga gora can sama yana tsiyaya masa, yana kaffa-kaffa kada bakin gorar ya taɓa shi. Ga kofuna shida a kife a kan faranti, da idona na ƙirga su. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne dattijon ko gezau bai yi ba. Ya saba.

Da na tambayi yaron, sai ya ce, "Yaya, ai haka ake yi musu a nan. Mai gidan ne ya ce kada mu ba shi a kofinmu. In ka je gari ka ga kowa da wutsiya..." Na ce masa, rufe mini baki tun kafin ka ƙarasa.

Ba a yi rabin sa'a ba, wannan yaron dai ya miƙo mini waya yana washe baki. Bidiyo ne na wasu mutane da aka ce 'yan ƙasƙantaccen asali ne sun karɓi kalmar shahada. Yana ta kabbara, yana turawa zaurukan WhatsApp, yana cewa addinin Hindu ya kusa ƙarewa. Da hannun da ya tsiyaya ruwan nan daga sama yake turawa. Ni kuwa na rasa ta inda zan fara.

Kun san wanda aka taɓa yi wa irin wannan tsiyaye? Mutumin da kuke ganin mutum-mutuminsa a kusan kowace mahaɗar hanya, da shuɗiyar kwat da tabarau, riƙe da littafi. Sunansa Bhimrao Ambedkar, an haife shi a 1891 cikin dangin Mahar, waɗanda ake ɗauka taɓa su ma ƙazanta ne. Yana yaro a makaranta, a kan buhun da ya zo da shi daga gida yake zama, gefe guda. In ƙishi ya kama shi ba shi da ikon taɓa famfo, sai masinjan makaranta ya zo ya ba shi; ranar da masinja bai zo ba, haka zai wuni. Yaron nan ya je Amurka ya yi karatu a Jami'ar Columbia, ya je Landan ya ƙaro, ya dawo, amma asalin na nan yana jiransa a tashar jirgi. A watan Maris na 1927 ya ja dubban mutanensa zuwa wani tafkin jama'a a garin Mahad don kawai su kamfaci ruwa su sha. Aka far musu da duka, bayan sun tafi kuma aka yi wa tafkin tsarki, wai sun gurɓata shi. Ruwa fa! A kan ruwan sha aka fara, kuma kusan shekara ɗari bayan haka ga ɗan Bahaushe ya tsallako teku ya zo yana raya sunnar.

A 1935, a garin Yeola, Ambedkar ya faɗa wa duniya cewa an haife shi Hindu ba da zaɓinsa ba, amma ba zai mutu Hindu ba. Bai yi gaggawa ba. Shekara 21 ya yi yana jira, a ciki har ya shugabanci kwamitin da ya tsara kundin mulkin ƙasar, wanda sashensa na 17 ya haramta ƙyamar taɓa mutum saboda asalinsa. Doka ta hau takarda a 1950, zukata suka ƙi bin ta. Ranar 14 ga Oktoba 1956, a Nagpur, ya shiga addinin Buddha, mutane dubu ɗaruruwa suka bi shi a rana guda. Ko wata biyu bai cika ba ya rasu. Ruwa ba ya tsami banza. Wa ya kore su? Wani mai wa'azi ne daga waje ya zo da buhun shinkafa? Rijiyar da aka hana su ce ta kore su, da ƙofar ɗakin bauta da aka rufe, da kofi.

Mai gidan da yaran nan ke haya na san shi, mun sha hira. Dattijo ne mai fara'a, mai riƙo da addininsa, ba ya fashin ibadar safe. Kullum kukansa ɗaya: ana sace musu mutane, masu mishan da Musulmi suna janye talakawa, wajibi ne kowane Hindu ya tashi ya kare addinin kakanninsa. Ban ga laifinsa a son addininsa ba, kowa nasa yake so. Amma shi ne fa ya ce kada a ba mai shara ruwa a kofi, alhali mai sharar nan Hindu ne ɗan'uwansa, da jan zare ɗaure a wuyan hannunsa irin na mai gidan sak. A dake ka a hana ka kuka ke nan. Ka hana mutum tabarma a zaurenka, in ya tashi zuwa zauren maƙwabci ka ce maƙwabci ɓarawo ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Jihohi da dama sun yi dokokin taƙaita sauya addini: Odisha tun 1967, Madhya Pradesh a 1968, Uttar Pradesh a 2021. Akwai masu shirya bukukuwan da suke kira "ghar wapsi", wato komawa gida. To, a koma gida a zauna a wane ɗaki? Wanda ya dawo, a bakin ƙofar da ya bari zai sake tsugunawa? Akwai kuma igiyar da ta fi doka ƙarfi: tun 1950, guraben karatu da na aiki da aka ware wa 'yan Dalit, wato waɗanda ake ƙyamar taɓa su saboda asalinsu, ba sa bin wanda ya koma Musulunci ko Kiristanci. Duk da haka a 1981 iyalai fiye da ɗari a ƙauyen Meenakshipuram na Tamil Nadu suka musulunta, sun san abin da za su rasa. A 2016 aka ɗaure wasu samari a jikin mota a Una ta jihar Gujarat ana zane su saboda sun feɗe mushen saniya, sana'ar da aka gadar musu. Bayan shekara biyu suka koma addinin Buddha. Mutum ba ya barin makwancin kakanninsa don marmari.

Kuma kada ku ce duk Hindu haka suke, wannan ma wani jahilcin ne da nake ji a bakinku. Akwai wani malamin jami'a abokina, daga babban gida a cikinsu, da ya taɓa ce mini duk wanda ke son kare addinin Hindu to ya fara daga madafin gidansa, ya ga ko akwai kwanon da aka ware. A cikinsu aka sami Narayana Guru na Kerala, wanda aka hana mutanensa shiga ɗakunan bauta, ya kafa nasa a 1888, yana koyar da cewa asali ɗaya ne, addini ɗaya, Ubangiji ɗaya ga ɗan Adam. A 1936 sarkin Travancore ya buɗe ɗakunan bautar masarautarsa ga kowane Hindu, daidai lokacin da jama'ar Ezhava, waɗanda ake hana shiga, ke maganar ficewa gaba ɗaya. Wancan sarki ya gane inda ɓarakar take. Masu hankalinsu suna ta fama su ɗinke, ku kuma baƙi kun zo kuna taya masu yagawa. Zama da maɗaukin kanwa!

Murnar me ma kuke yi? Ambedkar ya auna Musulunci da Kiristanci da addinin Sikh kafin ya zaɓa, kuma ya rubuta ƙarara cewa Musulmin Indiya ma ba su tsira daga wannan cuta ba. Ku tambayi abokan karatunku me ake nufi da Ashraf da Ajlaf da Arzal, wato matakan asali a tsakanin Musulmin can, ku ji yadda ake sahu ɗaya a masallaci amma ba a haɗa aure. Ku tambaya game da maƙabartun Kirista a Tamil Nadu da aka raba da katanga, har gawa ma sai an duba asalinta. Gwano ba ya jin warin jikinsa. Mu ma in an bi ta tamu, nawa ne a cikinku za a yarda a gidansu su auro 'yar mahauta ko 'yar wanzamai ba tare da gwaggo ta yi yaji ba? Nawa ne aka fasa aurensu saboda wata tsohuwa ta tuno kakan kakan wane bawa ne? Laifi tudu ne. Na san namu bai kai a hana mutum rijiya ba, amma daga tsatso ɗaya suka fito, shi ya sa ƙanena bai ji wani ɗar ba da aka ce masa ya ɗaga gora sama.

Abin dariya abin kuka, ku da kuke ƙyamar mai shara, me ake kiranku a titi? Ba "kalu", wato baƙar fata, yara ke bin ku da shi ba? Ba ku ne dillalin gida ke kashe wa waya da ya ga fuskarku ba? Kun manta watan Maris na 2017, da gungun mutane suka rufe ɗaliban Najeriya da duka a cikin babban kanti a Greater Noida? A idon wanda ya koya muku ɗaga gora, ba ku fi dattijon nan da komai ba sai kuɗin haya. Gemun ɗan'uwanku na cin wuta, maimakon ku shafa wa naku ruwa, fetur kuke miƙawa.

Ga shi dama an turo ku karatu, iyaye sun sayar da fili da shanu, ana canza naira da hawaye, amma wasunku sai cacar ƙwallo a waya har asuba, sai rawa a TikTok, sai man bilicin wai a saje da 'yan gari. Wani shekara biyar a kwas ɗin shekara uku, gida ana ce masa injiniya. Wannan maganar wata rana ce. Yau ta kofi nake yi.

Kun yi Islamiyya, kun san matar nan baƙa da ke share masallacin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ta rasu aka binne ta ba a gaya masa ba, don an raina sha'aninta. Da ya ji, cewa ya yi a nuna masa kabarinta, ya je ya yi mata salla. Mai shara ce fa. Kun san wanda aka gafarta wa don ya shayar da kare. Kun haddace, kun ci jarrabawa, sannan kuka durƙusar da sa'an kakanku a bakin ƙofa. Mutum fiye da miliyan 200 aka ƙirga 'yan Dalit a ƙidayar 2011, kusan yawan Najeriya baki ɗaya. Wannan dattijon wataƙila ku ne kaɗai Musulmin da yake shiga gidansu. In wata rana wani ya ce masa a Musulunci babu bambancin asali, me kuke so ya tuna?

Ni na tashi na ga randa a ƙofar gidanmu, an kife moda a kan faifai. Mai itace ya sha, Bafulatana mai nono ta sha, almajiri ya sha, mai jaki, mai kwasar masai, har mutumin da ba a san daga inda ya fito ba. Moda ɗaya ce. Kakata in ta ji an yi sallama da rana tsaka, kafin ta tambayi wane ne sai ta ce a kai ruwa, kuma yaron da ya miƙa wa babba ruwa a tsaye ranar sai ya sha ranƙwashi. Mu ke durƙusawa, ba mai sha ba. Yanzu randunan sun fashe, an ja katanga an sa ƙyauren ƙarfe, ruwa ya koma leda ana sayarwa, yara sun tashi ba su taɓa ganin an shayar da baƙo don Allah ba. To wa zan zarga? Mun aiko su duniya da fasfo da waya mai tsada, ba mu sa musu modar a jaka ba.

Ku gyara, don Allah. Ban ce ku je ku yi faɗa da mai gida ba, ban ce ku shiga siyasar ƙasar mutane ba, baƙo raɓa ne. Ku dai ji tsoron Allah a cikin ɗakin da kuka biya kuɗinsa.

Jiya da daddare yaron ya kira ni, murya cike da fara'a. Ya ce, "Yaya, maganarka ta shige mu, mun gyara." Na ce alhamdu lillahi, me kuka yi? Ya ce sun sayo wa dattijon kofinsa na kansa, na roba, sun buga ƙusa a waje kusa da kwandon shara sun rataye masa. Ya yi shiru yana jiran in sa masa albarka.