Malamai 'yan'uwana, ku nemi aikin waje amma ku daina sulalewa ba sallama

Jiya bayan la'asar ɗan yayata da ke SS3 ya kawo mani littafinsa na Physics wai in duba mashi wani lissafi, ina buɗewa na ga darasin ƙarshe ya tsaya a rabin shafi, an rubuta kan magana an ja layi, an fara misali na ɗaya, shi ke nan sauran fari fat. Na ce ina cikon? Ya ce ai malam ya ce gobe za a ƙarasa, kuma goben nan yau sati uku ke nan. Malam ya samu aiki a wata babbar makaranta a Abuja, ba wanda ya sani har firinsifal, sai a status ɗinsa na WhatsApp yara suka gan shi ya sha kwat da nakatayal ya rubuta Alhamdulillah. Yaran da WAEC ke jiransu a watan Mayu fa!

Wallahi ba na baƙin ciki da ci gaban kowa, ni ma malami ne na san abin da ke cikin alli. Na san akwai makarantun kuɗi a garin nan na Katsina da har yau albashinsu bai kama ƙafar dubu 70 ɗin mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 ba, ga shi sai goma ga wata ta wuce kana ta duba waya ko alat ya shigo. Wanda ya ga hanya ya bi, tafiya mabuɗin ilimi. Abin da ke ƙona mani rai shi ne yadda ake tafiyar, mutum ya bar aji kamar wanda ya ci bashin mai shayi ya canza layi.

Abin haushin ma, tsarin ɗaukar malamai na manyan makarantun da ake guduwa can ya ba ka lokaci isasshe. Masu bin manhajar Ingila ko Amurka, ko na Abuja da Legas ne ko na Dubai da Doha da Riyad, shekararsu tana farawa ne ƙarshen Agusta ko farkon Satumba, amma tallan gurabe tun wajen Oktoba da Nuwamba yake fara fitowa, ya yi zafi a Janairu da Fabrairu, a shafuka irin su TES da kamfanonin haɗa malamai da makarantu irin su Search Associates. Wato ana ɗaukarka yau ne don aikin da za ka fara bayan wata shida ko bakwai. To don Allah ina dalilin gudu? Ka sa hannu a kwantiragi, ka je ofishin shugabanka ka zauna ka faɗa mashi da bakinka, ka ƙarasa silabas, ka yi makin jarrabawa, ka miƙa rajista da sikim, a yi maka addu'a ka tafi. In ma gurbin gaggawa ne na tsakiyar shekara, notis ɗin wata ɗaya ba zai kashe ka ba, zuwa da kai ya fi saƙo.

Amma ina! Wani daga ranar da ya ga imel ɗin ɗauka gangar jikinsa ce kawai ke shiga aji, ya ba monita littafi ya kwafa a allo shi yana bakin taga yana duba kuɗin tikiti. Wani kuma ya jira albashi ya shigo ranar Juma'a, Asabar da asuba yana tashar KTSTA, Litinin wayarsa a kashe, takardun gwajin yara na cikin jakarsa sun tafi tare. Akwai wanda duk lokacin intabiyu sai an yi mashi rasuwa, kakarsa ɗaya amma sau uku ana janazarta, in ka lissafa sai ka ga duk ranar da za a yi Zoom ne. Haba malam, kai ne fa kake tsayawa a asambili kana ce wa ɗiyan mutane ƙarya haramun ce.

Kuma ramin ƙarya ƙurarre ne, don waɗannan makarantu ba sa wasa da binciken wanda za su damƙa wa yara. Za su nemi shaidar mutum biyu ko uku, kuma dole ɗaya ya zama shugaban makarantar da ka bari, su aika mashi fom kai tsaye ba ta hannunka ba, wani lokaci har su buga waya su tambaya shin in ya dawo za ka sake ɗaukarsa? Su nemi takardar shaidar hali daga 'yan sanda, su ga rajistarka ta TRCN, hukumar rajistar malamai ta ƙasa, in akwai giɓin wata shida a sibi ɗinka sai ka yi bayani. To wanda ka gudu ka bar wa aji ba malami shi ne zai cike fom ɗin. Wasu sai su sa lambar abokinsu a matsayin firinsifal, su rubuta sun shekara biyar suna koyar da IGCSE, jarrabawar sakandare ta Cambridge, alhali ko takardar tambayoyin ba su taɓa riƙewa ba, ran da aka ce ga aji yi mana darasin gwaji na minti ashirin sai zufa. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Ga ejan na can gefe ya karɓe kuɗin da ka ranta wai kuɗin biza, bayan makarantar kirki ita ke ɗaukar nauyin biza ba ta neman ko sisinka.

Ku ma masu makarantu ba ku tsira ba, don rabin gudun nan ku kuka koya wa mutane. Malami ya zo da ladabi ya ce zai tafi ƙarshen zango, sai ka riƙe mashi albashin wata biyu ka hana shi takardar shaida, na bayansa yana kallo, gobe shi ba zai faɗa ba. Ɗaki shida a lungu an kafa allo an rubuta International, ko banɗakin kirki babu, amma girman kai ya fi na jami'a. Duk da haka zaluncin mai makaranta ba ya halatta maka ka rama a kan yaron da bai ci maka komai ba, ubansa ya sayar da buhun gero a kasuwar Charanchi ya biya kuɗin rajista.

Ni abin da ke ba ni tausayi, garin nan ne fa aka kafa Kwalejin Katsina ta horar da malamai tun shekarun 1920, a nan Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, kuma dukkansu sai da suka riƙe alli a midil kafin su riƙe ƙasa. Malamanmu na da in aka yi masu canjin wurin aiki sai sun bi aji aji sun nemi yafiya, su je gidan mai unguwa su yi sallama, su bar wa wanda zai gaje su bayani da hannunsu har sunan yaron da ba ya gani sosai a sa shi gaba. Alkawari kaya ne a wurinsu. Yanzu mun fito FCE da Isa Kaita da UMYU da takardu jibgi, ga PGDE ga kwas kwas na intanet, Ingila ma a Fabrairun 2023 ta buɗe wa malaman Najeriya na lissafi da kimiyya da harsuna ƙofar neman QTS, takardar shaidar cancantar koyarwa a can, komai ya samu sai sallama ce ta gagara.

Ku gyara dai, ku ji tsoron Allah a kan yaran nan. Ni yanzu duk malamin da na ga ya fara yawan fita waje amsa waya da Turanci yana lanƙwasa harshe sai in fara tausayin ajinsa, in kuma fara yi wa kakarsa addu'ar tsawon rai.