Kawu, damo da ƙwallon da ta maƙale a dabino

Kawuna ya shigo Saudiyya tun zamanin Sarki Fahd, ya yi tuƙin mota a Jidda har gashinsa ya yi fari fat. Da ya aje aiki, surukinsa ya kawo masa tsarabar jakar sandunan golf, guda goma sha huɗu cif, tunda doka ba ta yarda a wuce haka ba. Daga ranar Kawu ya sauke littafin dokokin wasan a wayarsa, yana bitarsa bayan Asuba kamar mai haddar fiƙihu. Ni kuwa aka mayar da ni abokin karawa, bisa sharaɗin duk wanda ya sha kashi shi zai sayi mandi, wato shinkafa da nama irin ta Larabawa.

A rami na uku ƙwallona ta faɗa ramin yashi. Na gyara tsayuwa, kan sandar ya ɗan taɓa yashi a bayan ƙwallon. Kawu ya yi gyaran murya.

"Ɗan nan, an ci ka tarar bugu biyu."

"Kawu, ƙasar nan fa gaba ɗayanta yashi ce."

"Wancan yashin Allah ne. Wannan na doka ne."

Na haɗiye. Can gaba na yi wani bugu mai kyau, ƙwallo ta tsaya kusa da tuta, sai ga wata mage ta fito daga cikin shuke-shuke ta mare ta da hannu, ta gangara har bakin rami. Na fara hamdala. Kawu ya zaro waya ya karanto mini cewa in dabba ta ture ƙwallon da ta riga ta tsaya, a mayar da ita inda take, babu tara. Da iska ce ta tura ta, in ji shi, da labari ya sha bamban. Gaskiya ya faɗa, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Amma bari tasa ƙwallon ta shige ƙarƙashin wata ƙaya. Ya leƙa, ya ja da baya yana salati, wai akwai dabba mai haɗari, doka ta ba shi damar ɗauke ƙwallo kyauta. Na leƙa ni ma. Damo ne, yana shan hantsi abinsa. Na ce, "Kawu, dokar nan macizai masu dafi take nufi, da ƙudan zuma da kada. Wannan fa Larabawan ƙauye gasa shi suke yi." Ya dube ni sama da ƙasa ya ce mai hawan jini shi ya san abin da ke da haɗari a gare shi. Ya ɗauke ƙwallonsa, ya sake ta daga daidai gwiwa, yana yi mini bayanin cewa tun gyaran dokokin 2019 aka daina saki daga kafaɗa. Gwiwar kuwa sai da ya ranƙwafa ta kusa taɓa ciyawa.

Babbar magana a rami na bakwai ta auku. Na kai bugu da ƙarfin tuwo, ƙwallo ta yi sama ta shige kan wata gajeriyar bishiyar dabino, shiru ba ta sauko ba. Kawu ya danna agogo, tunda minti uku kacal ake ba mai nema yanzu, ba biyar irin na da ba. Ya zayyana mini mafita: ko in gane ƙwallona a sama in ce ba ta buguwa, in ci tarar bugu ɗaya in sake ta a ƙasa, ko ta zama ɓatacciya in koma inda na fito da tara, ko kuma in hau in buga ta a can. Har da ƙarfafa mini gwiwa, wai shahararren ɗan wasan golf Sergio Garcia ya hau bishiya ya buga a wata gasa a Amurka a 2013. Bai ce mini bishiyar Garcia ba ta da ƙaya ba.

Na hau. Wanda bai taɓa rungumar dabino ba ba zai gane ba. Wandona ya dare daga baya, wasu 'yan Koriya da ke jiranmu a kekensu suka ciro waya. Na sanar da ƙarfi cewa zan karɓi tara, don kada Kawu ya ƙara mini wata in ƙwallon ta motsa, sannan na zura sanda cikin ganyen na zungura.

Ƙwallo ta faɗo. Kawu ya riga ni isa, ya ɗauka, ya juya ta, sai na ga yana ƙoƙarin sa ta a aljihu. Na duro na riƙe hannunsa. Jan ɗigo biyu ne a jikinta, alamar Kawu. Ita ce wadda ya buga nan makon jiya, wadda ya rantse ya tsinta a cikin ciyawa, har na sayi mandi a kanta.

"Kawu, wace doka ce ta yi magana a kan wannan?"

Ya kasa kunne wajen masallacin kulob ɗin, inda ko lasifika ba a kunna ba.

"Kamar kiran La'asar nake ji. Rufe bayanka da tawul mu tafi."