Yaron ya zo da kayansa, ba hannu wofi ba

Na yarda da wani marubuci da ya ce yaran da iyayensu suka yi ƙaura suna bukatar littattafan da za su ga kansu a ciki. Amma sai an san wa ake rubuta wa. Littafin hotuna yawanci shafi 32 ne, kalmomi ba su kai 1,000 ba, don haka matsala guda yake iya ɗauka, kamar malami ya kasa faɗin sunan yaro daidai. Na 'yan shekara 8 zuwa 12 ne ke ɗaukar babban nauyi: yaron da ke yi wa mahaifiyarsa tafinta a asibiti, yana jin abin da bai kai ya ji ba.

Inda ake ɓata rawa da tsalle shi ne a mayar da iyaye abin dariya ko shinge, sai yaro ya yar da harshen gida kafin ya samu abokai. Mai karatu ya gane saƙon: gidanku ne matsalar. Haka ma fassara kowace kalmar gida nan take, tana nuna waɗanda ba sa jin harshen aka rubuta wa. A bar mahallin zance ya bayyana ta. Shirun da yaro baƙo ke yi a watannin farko a aji kuwa, sauraro ne, kada a zana shi kamar daƙiƙanci.