Kunnen Baba Ba Rediyo Ba Ne

To wai shi Yaya ya kyauta kenan? Tun jiya ake ta masha Allah a guruf, wai ya sayo wa Baba abin kunne mai ƙara ji na riyal 150 a intanet, har da hoto. Sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara arziki.

Ni da na je unguwar Hindawiyya a nan Jidda bayan la'asar na gani da idona. Tsohon nan ya saka abin, mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, na gurnani, yara na buga ƙofa, cokali ya faɗi a faranti sai da ya dafe kai, abin kuma sai fito yake kamar usur ɗin ɗan sanda, kafin magariba ya cire ya jefa aljihun jallabiya ya ce a bar shi da kurumtarsa, halas.

Abin da kuka sayo lasifika ce ƙarama, komai ta samu ɗagawa take. Shi kuwa kunnen tsufa siraran sautuka yake fara rasawa, su "s" da "sh" da "f", shi ya sa kullum Baba ke cewa yana jin magana amma ba ya ganewa. Na'urar gaske sai an gwada kunnen a ɗakin nan da ƙara ba ta shiga, a fitar da takarda, a saita ta a kwamfuta daidai inda ya rasa, kuma a koma sau biyu sau uku ana gyara saitin. Wa zai yi muku wannan a intanet? Mai kawo kaya a babur?

Na san za a ce da tsada. Eh da tsada, araha dai ba ta ado. Amma ni ban ce a sayi ta ƙarshe ba. Wani shago da muka shiga bara, mutumin sai zuba yake, wai tana da Bluetooth tana haɗuwa da talabijin, Baban da wayarsa Nokia ce mai tocila! Phonak ta Suwizalan, Oticon ta Danmak, Signia ta Jamus, duk suna da mai sauƙin kuɗi, in aka saita ta da kyau ta wadatar da mai zaman gida da masallaci.

Wanda zai gwada ya saita, shi za ku nema. In zufa da laimar Jidda suka kashe ta wa zai gyara, garantin shekara nawa ne, batir 312 ko 13 akwai a saidaliyyar unguwa, wato shagon magani? Hannun Baba ma rawa yake, ɗan batirin nan kamar ƙwayar magani ba zai iya saka shi ba, gara mai caji. Wallahi tausayi yake ba ni, jikoki na dariya yana binsu da ido yana murmushin da bai san na mene ne ba.

Kuma ku masu sosa kunne da makullin mota a bakin masallaci, ina ganinku, jiya ma har da wani mai amfani da murfin biro, yana lumshe ido kamar ya sha fura.