Ba iska ce ke fasa tukunya a wuta ba

Yawancin yaran da ke koyon ginin tukwane a Kumasi, idan kasko ya tarwatse a wuta, sai su ce iska ce ta maƙale cikin yumɓun. Tsofaffin magina na Pankrono, wata unguwar masu ginin tukwane a Kumasi, ba sa ɗora wa iska laifi. Ruwa ne. Da zafi ya kai digiri 100, danshin da ya rage a ciki ya zama tururi, ya rasa hanyar fita, sai ya fasa.

Shi ya sa maigida ke sa yaro ya kara gindin tukunya a kumatunsa. In da sanyi, ba ta bushe ba, ko da bayanta ya yi fari fat. Da damina a nan sai a ƙara mata kwanaki a inuwa. Da hunturu kuma baki ke riga gindi bushewa ya tsage, don haka a rufe bakin da leda.

Mutum-mutumi mai kauri a rarake cikinsa, kada kaurin ya wuce santimita 2, a huda ƙaramar kafa a ƙasa don tururi ya samu hanyar fita. A cuɗa yumɓun da dakakken tsingaro. Wutar farko kuwa a yi ta a hankali, awanni, kafin a ƙara itace.