Wat 650 a jikin kwali, ciki kuwa fanko

A ƙasar nan duk wanda ya sayar maka da jabun kayan lantarki yana da lauya na kyauta, ita ce wutar da ake ba mu. Abu ya ƙone, a ce wuta ce. Ya ƙi tashi, wuta ce. Abin haushin kuma ba ka da bakin musu, domin ita ma wutar ba ta da gaskiya. Tsakanin azzaluman nan biyu aka matse ni a kan kwamfutar da na haɗa da hannuna, har na kusa rasa masu ba ni aiki.

Sana'ata haɗa bidiyon biki. Da kaɗan-kaɗan na sayi kayan, madabod (babban allon da ake jona komai a kansa), furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta), RAM (ma'ajiyar wucin gadi), katin hoto da fawa-fak, wato akwatin da ke karɓar wutar bango ya raba wa kowa nasa. Na zauna na ɗaure su, ta tashi lafiya lau. In dai rubutu ne ko yawo a intanet, sai ta wuni ko tari ba ta yi ba. Amma da zarar na sa ta fitar da bidiyo, lokacin da furosesa da katin hoto suka ɗauki nauyi tare, sai ɗif! Ba shuɗin allon nan da Windows ke nunawa in ta samu matsala, ba gargaɗi, fankoki su tsaya cak. Wani sa'in ta tashi da kanta, wani sa'in sai na kashe makunnin baya na jira kafin ta yarda. In na duba rajistar Windows sai in tarar da Kernel-Power 41, wanda iyakar bayaninsa shi ne na'urar ta mutu ba a kashe ta yadda ya kamata ba. To ai wannan a gaban idona aka yi, ba sai an rubuta mini ba.

Zafi na fara zargi, tunda a Kano watan Afrilu yakan haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe kowace kafa. Furosesa na zamani yakan rage gudu in ya doshi digiri 95 zuwa 100, in abin ya wuce ya kashe kansa. Na kwance fankarsa, na goge tsohon man sanyaya shi na shafa sabo, na hure ƙura. Zafin bai wuce 70 da 'yan kai ba a lokacin da take mutuwa. Na zare RAM na gwada ɗaya-ɗaya, na bar MemTest86, mai gwada lafiyar RAM, ya kwana yana bincike, bai samu komai ba. Na danne babban filogi mai fil 24 da na furosesa mai fil 8 har suka ce ƙas. Na fito da madabod na ɗora a kan kwalinsa ko wata ƙusa ce ke taɓa bayansa, na mayar da BIOS, wato saitin madabod, yadda ya zo, na canza ɗan batirin nan CR2032. Duk a banza.

Sai na koma kan wutar bango, kuma nan ma akwai abin faɗa. A ƙa'ida volt 230 ya kamata soket ya bayar. Ni da na soka mitar gwaji bayan magariba, lokacin da kowa a layin ya kunna nasa, ƙasa da 180 na gani. Can tsakar dare kuma ta haura 240. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar masu Band A, wato rukunin da ya kamata a fi ba wuta, zuwa naira 225 kan kowane yunit bisa alkawarin awa 20 a rana. Awa ake ƙirga mana. Rabin wutar da ba ta iya juya fankar sama, ita ma in ta zo sunanta wuta, kuma mita ba ta yin rangwame. Na sayi sitabilaiza, ya riƙa ƙas-ƙas yana daidaitawa, amma kwamfutar ba ta fasa mutuwa ba. Na ɗauke ta ɗungurungum na kai ofishin wani aminina mai sola da inbata mai kyau, inda wuta ke tsaye ƙyam. Na sa bidiyo, ko rabi bai kai ba ta ɗauke. A nan wutar unguwarmu ta fita daga zargi, duk da ba don halinta ba.

Daga nan na zauna na karanta jikin fawa-fak ɗin da kyau. An rangaɗa 650 da manyan lambobi, mai matsalar ido ma zai gani daga nesa. A ƙasa kuma akwai wani ɗan jadawali mai rubutu ƙanana, kuma a nan asirin yake. Layin volt 12 amfiya 18 kawai aka rubuta masa. Ninka 12 sau 18, wat 216 ke nan. Furosesa da katin hoto kuwa duk daga wannan layin suke sha. Katin hoto shi kaɗai yana iya jan wat 75 daga raminsa na madabod, ya ƙara 150 ta filoginsa mai fil 8. Tun kafin a zo kan furosesa an cinye abin da ke akwai. To ina sauran wat ɗari huɗu da wani abu suka shiga? Na soka mita a wayar rawaya, wadda ƙa'ida ta ce kada ta kauce fiye da kashi 5 cikin 100, wato tsakanin 11.4 da 12.6. Ina sa bidiyo ina kallon lamba tana zamewa, tana sauka ƙasa da 11 komai ya tsaya. Da na kwance fawa-fak ɗin na ɗaga, sakayau, kamar gwangwanin da aka shanye. Wayoyinsa sirara, tambarin 80 Plus ɗin ma, na shaidar rashin ɓarnar wuta, a karkace aka manna shi.

Na mayar shago. Ban gama bayani ba mai shagon ya tare ni: "Alhaji, ai wutarku ce." Mutumin da bai san ko wace unguwa nake ba! Ya kira yaronsa ya kawo guntuwar waya, ya lanƙwasa, ya haɗa koriyar waya da baƙa a babban filogi, ya jona a wani ɗan batir da inbata. Fanka ta juya. Ya dube ni yana murmushi: "Ka gani ko? Lafiyarsa ƙalau." Na ce masa, Malam, wannan gwajin abin da ya nuna kawai shi ne akwatin yana tashi, ba a ɗora masa nauyin komai ba. Na nuna masa jadawalin, na yi masa lissafin a wayata. Ya ce shi ba injiniya ba ne, yadda aka kawo masa haka yake sayarwa. Na ce to bari in kawo kwamfutar mu kunna a gabanka. Ya ce inbatarsu ba za ta ɗauka ba, man janareta kuma ya yi tsada. Ƙarshe ya nuna mini ƙasan rasit, inda aka buga cewa kaya in ya fita ba ya dawowa. Garantin da ya rantse mini a kai ranar da yake karɓar kuɗina, yanzu ya zama na mako guda, kuma bai shafi "matsalar wuta" ba.

Wallahi ba asarar kuɗin ce ta fi ci mini rai ba, rainin hankalin ne. Da ya ce mini wannan na ƙaramar kwamfutar ofis ne, in kana son mai ɗaukar katin hoto ga kuɗinsa, da na koma na ƙara tari. Amma a ɗauki abin da bai kai wat 300 na gaskiya ba a buga masa 650, a sayar wa mutum ya jona kayan da ya sha wahala kafin ya mallaka? Irin wannan akwatin in ya tashi ƙonewa yana iya tafiya da madabod da katin hoto. Kuma ko gyara ba na ba kowa shawara ya buɗe shi, domin manyan kafasitocin ciki suna riƙe wuta bayan an zare filogi.

Aminin nan ya ara mini nasa, mai nauyi, wanda layin volt 12 ɗinsa ya kusa kai adadin da aka rubuta a kwali. Na ɗaura, na sa bidiyon da ya gagara, ya fita tas. Dole na ci bashi na sayi irinsa. Amma kafin nan mutuwar bazata ta riga ta lalata mini fayil ɗin wani biki, sai da na sake yanka shi daga kamu har buɗar kai. Uwar amarya ta kira ni ta wanke ni tas, ta ce 'yan uwa na Zinder sun koma gida ba su ga komai ba, sannan ta zaftare cikon kuɗina. Me zan ce mata? In tsaya yi wa Hajiya lissafin amfiya 18?