Mayar da tsohuwar mota mai ƙafa uku: a bar ta ta ɗauki kaya, kada ta ɗauki mutane

Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki naira ta nemi darajarta a kasuwa makonni kaɗan bayan haka, sabuwar Adaidaita Sahu ta fi ƙarfin mafi yawan matasan Kano da ke son mallakar tasu. Kuɗinta ya koma miliyoyi, wanda kuma ya karɓi ta wani yana kai balas kullum ya san abin da ke saura masa a aljihu idan dare ya yi. A ɗaya gefen kuma, garejojin birnin nan cike suke da ƙananan motoci waɗanda bodinsu ya ruɓe ko suka yi haɗari daga baya, alhali injinsu da giyarsu lafiya lau suke, suna jiran ranar da 'yan gwangwan za su zo su yi musu kuɗi a kan sikeli. Duk bakaniken da ya dubi waɗannan abubuwa biyu, dole tunani ɗaya ya zo masa: me zai hana a yanke motar, a haɗa ta da gaban babur, a sami mai ƙafa uku ta gida?

Tunanin ba na banza ba ne, kuma bai kamata hukuma ta kashe shi ba. Amma ra'ayina shi ne, irin wannan abin hawa bai dace da ɗaukar fasinja ba ko kaɗan, kuma ko a ɗaukar kaya bai kamata ya hau titi ba sai an auna shi an gwada.

Mai ƙafa uku ba baƙuwa ba ce a tarihin mota, domin motar da Karl Benz ya yi wa rajista a Jamus a 1886 ƙafa uku gare ta. A Amurka da Turai kuwa, masu sha'awar haɗa abin hawa a gida sun daɗe suna yanke Volkswagen Beetle su mayar da ita mai ƙafa uku, kuma akwai dalilin da ya sa ita suka zaɓa. Injinta da giyarta suna baya a haɗe da ƙafafun da ke tura ta, iska ce ke sanyaya injin don haka ba ta da lagireto, sannan bodinta ɗaure yake da noti a kan shasi, ana kwance shi a ajiye gefe. An harhaɗa Beetle a Legas daga 1975, sai dai a yau ba ita ce a garejojinmu ba. Abin da ke nan shi ne irin su Starlet, Micra da Golf, waɗanda injinsu ke gaba, ƙafafun gaba ke jan su, kuma ba su da shasi na daban: bodin ne shasin. Rufi da ginshiƙan ƙofofi da daɓen ƙasa su ne tare suke riƙe da ƙarfin motar, saboda haka ranar da aka sa mata injin yanka aka raba ta biyu, abin da ya saura ba rabin ƙarfin ba ne, ƙasa da haka ne sosai, sai an sake gina mata sabon shasi tun daga tushe.

A nan ne aikin yake fara rabuwa gida biyu. Hanya ta farko ita ce a bar gaban motar yadda kamfani ya yi shi, da inji da giya da sitiyari da birki da ƙafafu biyu, a yanke baya a sa ƙafa ɗaya. Wannan ita ce mafi sauƙi kuma mafi aminci, saboda idan direba ya taka birki a kwana, nauyi yana tafiya gaba ne zuwa gefen waje, kuma akwai taya a wurin da za ta tare shi. Aibinta shi ne ba ta ɗaukar kaya masu nauyi. Buhu biyar na masara a kan taya ɗaya ta baya sun isa su rinjayi abin hawan zuwa inda ya fi siranta, su kuma rage wa ƙafafun gaba riƙon ƙasa, alhali su ne masu ja kuma su ne masu juyawa.

Hanya ta biyu ita ce ta fi ɗaukar ido, domin ita ke fitar da abin da ya yi kama da Adaidaita Sahu ko babban babur: a ciro injin da giyar da ƙafafun gaba gaba ɗaya a mayar da su baya, a kulle sitiyarinsu da ƙarfe don kada su juya, sannan a ɗaura gaban babur mai ƙafa ɗaya. Ita ce kuma ta fi haɗari. Abin hawa mai ƙafa uku a kan alwatika yake tsaye, kuma muddin tsakiyar nauyinsa ta fita daga cikin alwatikar nan, kifewa zai yi. Mai ƙafa ɗaya a gaba, alwatikarsa a gaba ta tsuke, daidai inda nauyi ke gudu idan aka taka birki. Reliant Robin da aka fara yi a Ingila a 1973 kamfani ne ya ƙera ta da injiniyoyinsa, amma har yau abin da aka fi tunawa da ita ke nan, saurin ɗaga ƙafa a kwana. Sannan gaban babur an yi shi ne don babur ya kwanta idan zai sha kwana, ƙarfin ya bi tsawon shokozoba ya sauka ƙasa. Mai ƙafa uku ba ta kwanciya, don haka ƙarfin yana dukan shokozobar ne daga gefe, ta inda ba a yi ta don ta jure ba, kuma duk ya taru a wuyan da aka yi wa walda.

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai walda yana aiki a kan tsohuwar mota ya ga yadda abin yake. A goge fenti a tarar da ƙarfe ya yi siriri saboda tsatsa, a ɗora masa wuta ya ɓule, a cike ramin, a sake ɗorawa, a ƙarshe a goge a shafa fenti, wurin ya yi sumul kamar sabo. Ido ba ya iya gane ko waldar ta ratsa cikin ƙarfen ko kuwa a sama kawai ta zauna. Bututun da ake saya don yin ƙofa da gadon ƙarfe ma ba shi ne ya kamata ya riƙe inji mai jijjiga a kan titi mai ramuka ba, ko da kuwa a ido kaurinsu ɗaya. Waldar da ba ta kama ba ba ta karyewa a gareji; tana tsagewa ne a hankali, wata bayan wata, har ranar da taya ta faɗa rami da kaya a kai.

Sai batun ƙarfin inji, wanda masu wannan aiki suke ɗauka a matsayin riba, ni kuwa nake ganin shi ne babbar matsalar. Injin Bajaj ko TVS da ke yawo a titunan Kano girmansa kusan cc 200 ne (cc shi ne ma'aunin girman inji), kuma da ƙyar yake wuce kilomita 60 zuwa 70 a awa. Injin ƙaramar mota cc 1000 ne zuwa 1300, ƙarfinsa ya ninka wancan sau biyar ko fiye, kuma an rage masa nauyin bodin da yake ja a da. Ƙarfin da ke tura abin hawa waje a kwana ba daidai da gudu yake ƙaruwa ba: idan gudu ya ninka sau biyu, shi sau huɗu yake ninkawa. Matashin da ya sami totur mai amsawa haka a kan titin Zariya ko titin Katsina, wa'azi ba zai hana shi takawa ba.

Birki ma yana da nasa sirrin. A yawancin motocin da ƙafafun gaba ke ja, layin man birki biyu ne a gicciye, gaba ta hagu tare da baya ta dama, gaba ta dama tare da baya ta hagu, don idan layi ɗaya ya fashe ɗayan ya tsayar da motar a miƙe. Idan aka cire ƙafa ɗaya aka toshe bututunta kawai, an rusa wannan lissafi, kuma ba za a gane ba sai ranar da ake buƙatarsa. Lagireton da aka mayar baya, inda iska ba ta dukansa, shi ma zai nuna halinsa a watan Afrilu lokacin da zafin Kano ke kai maki 40.

Ko an ajiye batun haɗari, lissafin kuɗi bai goyi bayan ɗaukar fasinja ba. Abin da ya riƙe sana'ar Adaidaita Sahu tun da gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta shigo da ita don ɗaukar mata, ta kuma mamaye gari bayan hana acaɓa a Janairun 2013, shi ne ƙarancin shan mai da arahar kayan gyara. Injin mota ya fi shan mai nesa ba kusa ba, fasinja kuwa ba zai ƙara ko sisi ba don an ɗauke shi da injin Micra. Inda ƙarfin injin yake da amfani shi ne kaya: hatsi daga Dawanau, kayan miya daga Yankaba, katan-katan daga Singa zuwa shagunan unguwanni, ruwa da bulo da yashi a lungunan da babbar mota ba ta shiga. A can ma, gaskiya ita ce idan ƙafafun motar huɗu suna da lafiya, ya fi a yanke bayanta a mayar da ita akori-kura a bar mata ƙafafunta. 'Yar ƙurƙura, wadda ke da shasi na daban kuma ƙafafun baya ke tura ta, ita ce ta fi dacewa da mayarwa mai ƙafa uku, amma wanda ya same ta gyara ta zai yi, ba yanke ta ba.

Akwai kuma tambayar da mai haɗawa ba ya yi sai ya gama: da wace takarda za ta hau titi? Takardun da ke hannunsa na mota ne mai ƙafa huɗu, lambar shasin tana jikin ƙarfen da wataƙila an riga an yanke an sayar, inshorar kuma, idan akwai, an yi ta ne a kan abin hawan da babu shi yanzu, wanda hakan hujja ce ga kamfanin inshora ya ƙi biya idan an buge wani. Jami'in KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano, ko na VIO, masu duba lafiyar motoci, da ya tsayar da shi ba shi da ma'aunin da zai ce wannan ta dace wannan ba ta dace ba, sai abin ya koma ciniki a bakin titi. Ɓacewar lambar shasi kuma ƙofa ce ga ɓarayin mota, tunda babu hanyar ɓatar da motar sata da ta fi a yanke ta a canja mata kama.

Mun saba da wata al'ada game da masu ƙirƙira a ƙasar nan: a ɗauki hoto, a yaba, a ce Allah ya yi wa yaro baiwa, a wuce. A 2007 wani ɗalibin Jami'ar Bayero, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic da kujerun tsohuwar Toyota, labarinsa ya zagaya duniya. Abin da irinsa suke buƙata ba tafi ba ne, wurin gwaji ne da wanda zai duba aikinsu ya ce nan ya yi, nan bai yi ba. A Ingila, wanda ya haɗa mai ƙafa uku a gidansa ba a hana shi, amma sai ya kai ta an duba birki da sitiyari da fitilu da yadda aka gina ta kafin a ba shi rajista, idan kuma ba a iya tantance asalinta ko shekarunta ba, a ba ta lamba mai farawa da harafin Q don kowa ya san matsayinta.

Kano tana da abin da za ta yi irin wannan da shi. Sashen injiniyanci na Jami'ar Bayero, da kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha, da jami'ar Wudil, za su iya zana tsari ɗaya ko biyu na shasin ɗaukar kaya wanda ya dace da injunan da suka fi yawa a kasuwar kayan gyaran mota ta Ƙofar Ruwa, su faɗi kaurin ƙarfe, da faɗin tsakanin ƙafafu, da iyakar tsayin kaya, da yadda za a haɗa birki, su rubuta shi da Hausa a raba wa ƙungiyoyin kanikawa da masu walda. Hukumar NADDC, wadda aikinta ne tsara harkar ƙera motoci a ƙasa, ita ce za ta sa wa zanen hannu. Gwajin kansa ba ya buƙatar na'ura mai tsada: a ɗora kaya a karkata abin hawan a kan dandamali a ga inda zai ɗaga ƙafa, a auna tazarar da yake tsayawa idan an taka birki, a duba walda kafin a shafa fenti, a sa abin da zai taƙaita totur. Wadda ta ci gwaji a buga mata sabuwar lambar shasi a haɗa da ta tsohuwar motar a rajista, a rubuta a jikinta cewa ta kaya ce kawai.

Za a ce wannan sabuwar hanyar karɓar kuɗi ce za a buɗe, kuma masu faɗar haka suna da hujja, domin yajin aikin da 'yan Adaidaita Sahu suka yi a 2021 da 2022 duk a kan haraji da kuɗin rajista ne. Saboda haka kuɗin gwajin ya zama sau ɗaya, kaɗan, a bayyane, a biya a banki, kuma wanda abin hawansa ya faɗi gwaji a ba shi takarda mai nuna abin da zai gyara, ya dawo ba tare da sake biya ba. Idan aka tsawwala, masu haɗawa ba za su daina ba, za su daina zuwa gwaji ne kawai, su riƙa fita da asuba da bayan isha'i lokacin da jami'ai ba sa kan titi.